Yau Da Gobe Ke Sa Allura Ginin Rijiya

 A makon jiya na yi muku alkawarin za mu ci gaba da maganar tsadar sufuri, to amma ina roƙon ku yi mini aikin gafara in jingine ta sai wani jiƙon, domin kuwa wani ɗan abu ya auku a gidanmu wanda ya tsaya mini a rai, na kuwa san ba zan sami sukuni ba sai na amayar da shi.

Akwai wani ɗan yayana mai shekara 11 da haihuwa, wanda ya shafe mako uku cur yana ƙera motar tifa a bayan ɗakin girki. Da gwangwanin madara ya yi kanta, ya buɗe gwangwanayen tumatir ya miƙar da su da dutse ya yi bodi, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. Sa'an nan ya samo sirinji biyu da 'yar robar ƙarin ruwa ya haɗa, ya ɗura musu ruwa, yadda in ya danna ɗaya sai ɗayan ya ɗaga bodin ya juye yashi kamar tifar gaske. Ranar da ya gama ta ita ce ranar da sakamakon jarrabawarsu ya fito, aka kuwa yi rashin sa'a ya faɗi a lissafi. Mahaifinsa ya dawo daga kasuwa, ya duba takarda, ya dubi tifa, bai ce uffan ba ya sa ƙafa ya take ta. Na ce masa, "Haba Yaya, da ka bar masa abinsa." Ya juyo ya ce mini, "Kai da ka yi boko, gaya mini, wannan shirmen ne zai ci da shi?" Na yi shiru, saboda ba a ja-in-ja da na gaba a gaban 'ya'yansa, kuma gaskiya a lokacin ba ni da wata amsa shiryayya. Amsar ce na kawo yau, tunda na san Yaya ba ya barin wannan jarida ta wuce shi. Sai dai kafin in kai gare ta, ina so ku biyo ni mu leƙa ƙasar Ingila.

A can akwai wasu mutane, akasarinsu dattawa masu furfura, waɗanda aikinsu na nishaɗi shi ne irin wannan da Yaya ya kira shirme. Cikinsu akwai likita, akwai malamin makaranta, akwai direban bas, akwai wanda ya yi ritaya daga ma'aikatar jirgin ƙasa. Kowannensu yana da 'yar rumfar katako a bayan gida, ko kuwa ya raba garejinsa biyu, ya ajiye teburin aiki da zarto da magagari da guduma, da kuma injin sassaƙar ƙarfe. Shi wannan inji kama ƙarfe yake yi ya riƙa juya shi da sauri, mai aiki kuma ya matso da wata 'yar wuƙa mai tauri tana feƙe shi kaɗan-kaɗan har ya fito da siffar da ake so. Ana yi masa kirari da uwar injuna, domin da shi ake sassaƙa sassan sauran injuna, har da na irinsa. Wani kamfani mai suna Myford, a kusa da birnin Nottingham, ya fito da wani ɗan ƙaramin samfurinsa a 1946 daidai da teburin mai gida, ya kuwa shiga rumfuna masu ɗimbin yawa.

Abin da suke ƙerawa shi ne ƙananan injuna masu aiki sosai. Wani ya ƙera agogo, wani injin kwale-kwale, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi. Faɗin layin dogo na sosai, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Su kuwa nasu layin inci 3 da rabi ne, ko inci 5, ko 7 da kwata. Kan jirgin da aka yi wa layi mai inci 5 bai wuce kashi ɗaya cikin 11 na girman na gaske ba, amma ana hura masa wutar kwal, ya tafasa ruwa, ya yi huci, ya ja magidanta da yaransu suna zaune a kan 'yan taragu, a kewaya fili da su.

Wannan al'ada ta daɗe. Tun cikin 1898 wani mutum mai suna Percival Marshall ya fara buga musu mujalla mai suna Model Engineer, a cikin shekarar kuma aka kafa musu ƙungiya a birnin Landan. Mujallar ta shafe fiye da shekara 120 tana fitowa. Wanda ya fi kowa suna a cikin marubutanta shi ne wani Lawrence, wanda aka fi sani da L.B.S.C., watau haruffan farko na sunan kamfanin jirgin ƙasan da ya yi wa aiki yana saurayi. Daga 1922 har zuwa rasuwarsa a 1967 yana rubutu, ya kuma fitar da zanen kawunan jirage fiye da 100. A farkon al'amari masana na lokacin sun yi masa ca, suka ce ƙaramar tukunyar tururi ba za ta yi aiki da wutar kwal ba, sai dai da wutar sifirit. Ya ƙera wani ɗan kan jirgi mai layin inci 2 da rabi, ya raɗa masa suna Ayesha, aka gwada shi a bainar jama'a a 1924, ya ja mutum ɗungurungum. Amma ni abin da ya fi burge ni da shi, shi ne yadda yake koyarwa. Yakan ɗauki kan jirgi guda ya rarraba shi fitowa-fitowa, wannan karo tayoyi, karo mai zuwa sandunan da ke juya su, cikin magana mai sauƙi, yadda mutumin da bai taɓa zama ajin injiniya ba zai bi shi daki-daki har ya gama.

To, a nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya lura, domin nan ne zuciyar maganata. Kan jirgi ɗaya yakan ci shekaru kafin a gama shi, saboda mai shi ba ya samun fiye da sa'a ɗaya ko biyu bayan cin abincin dare. In ka tambaye shi abin da ya yi yau, amsar ba ta da wani armashi. Zai ce maka yau ya huda ramuka shida, biyar sun yi daidai, na shidan ya kauce, saboda haka gobe zai sake yanko wani ƙarfen. Ko ya ce yau bai yi komai ba sai wasa wuƙaƙe da share ɓarɓashi. Ko kuwa ya ce abin yanka zaren noti ya karye masa cikin rami, ya kwashe dare biyu yana dabarar zaro guntun. Kusan kowace rumfa akwai akwatin da ake jefa sassan da aka ɓata, ba kuwa a ɓoye shi. In sun haɗu a taron ƙungiyarsu, kowa yakan ɗora abin da ya yi a kan tebur, mai kyau da maras kyau, ya faɗi inda ya yi kuskure, wani dattijo ya ce ai shi ma haka ta same shi shekara 30 da suka wuce, ga kuma yadda ya fita. Wasu su rubuta wa mujalla wasiƙa a buga. Ta haka kuskuren mutum ɗaya yake zama darasi ga mutum dubu, har wanda za a haifa gobe ya zo ya tarar da shi a rubuce.

Abu na biyu shi ne awo. Waɗannan mutane ba su san "kusan daidai" ba. Suna da wani ɗan ma'auni da ke raba inci ɗaya gida 1,000, alhali kuwa silin gashin kai kaurinsa yakan kai wajen kashi 3 cikin dubun nan. In fistan zai shiga silinda, tilas tazarar da ke tsakaninsu ta kasa kaurin gashi. In ta yi yawa tururi ya zurare inji ya rasa ƙarfi, in ta yi kaɗan ya cije ya ƙi motsi. Tukunyar tururi kuwa, wadda da jan ƙarfe ake yin ta a liƙe gaɓoɓinta da narkakkiyar azurfa, ba a yarda a hura mata wuta a cikin jama'a sai masu duba na ƙungiya sun gwada ta. Yadda ake gwajin shi ne a cika ta maƙil da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo har ƙarfin ya ninka wanda za ta yi aiki da shi sau biyu. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in akwai rauni tsiyaya kawai zai yi, amma da tururi ne sai ta tarwatse ta raunata mutane. Kun ga ke nan a cikin wasan akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai kuma kiyaye ran ɗan'uwa.

Kada kuma a ɗauka aikin na maza ne kaɗai. Wata mata mai suna Cherry Hill ta shafe wajen shekara 60 tana ƙera ƙananan kwatankwacin tsofaffin injunan tururi na ƙarni na 19, wasunsu ma an daɗe da rasa na ainihin, sai ta bi tsofaffin zane ta farfaɗo da su. Kowane guda yakan ci dubban sa'o'i, kuma hatta ƙananan notuna da hannunta take yin su. Ta ci manyan kyaututtukan wannan fanni sau da dama, har Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma.

Yanzu sai mu komo ga tambayar Yaya, watau ko wannan abu yana ci da mutum. Cikin 1763 aka kawo wa wani matashi mai gyaran kayan awo a Jami'ar Glasgow wani ɗan ƙaramin injin tururi na koyarwa, aka ce ya gyara. Sunansa James Watt. Ya gyara, amma ya lura injin ba ya yin 'yan bugu kaɗan sai tururi ya ƙare. Dalili kuwa shi ne a kowane bugu sai an fesa ruwan sanyi cikin silinda, ta huce, sa'an nan sabon tururi ya ɓata ƙarfinsa wajen sake ɗumama ta. Manyan injunan ma suna da wannan aibi, amma ƙanƙantar wannan ita ta fito da shi fili. A 1765 dabara ta faɗo masa, ya ware wani mazubi dabam inda tururi zai je ya huce, silinda kuwa ta zauna da zafinta. Wannan gyara yana cikin manyan abubuwan da suka ɗaga masana'antun Ingila. Haka kuma a Amurka, Henry Ford yana ma'aikacin kamfanin lantarki a birnin Detroit ya riƙa ƙera motarsa ta farko a rumfar bayan gidan da yake haya, bayan an tashi daga aiki. Ranar da ya gama ta a watan Yuni na 1896 ya tarar ta fi ƙarfin ƙofa, sai da ya fasa bango ya fito da ita.

Ban ce duk yaron da ya yi motar gwangwani zai zama Watt ko Ford ba. Mafi yawan masu rumfunan nan har su mutu ba su ƙirƙiro kome sabo ba, ba su kuwa nemi kwabo da abin da suka ƙera ba. Amma ƙasar da ke da dubban mutanen da suka iya karanta zane, suka iya awo, suka saba da ƙarfe tun suna yara a gindin kakanninsu, ba ta rasa wanda zai riƙe mata masana'anta. Daga cikin irin wannan taro ne ɗaya yake fitowa ya yi zarra.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce waɗannan mutane cikinsu a ƙoshe yake, suna da fansho, wutar lantarkinsu ba ta ɗaukewa, mu kuwa mai neman na tuwo ina ya ga lokacin wasa da ƙarfe? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba na musunta ta. Sai dai a tuna, a zamanin da aka fara buga mujallar nan yawancin masu rumfa da ƙafa suke taka injinsu, kamar yadda tela ke taka keken ɗinki. Ga kuma misalin wani Ba'amurke mai suna David Gingery, wanda ya rasu a 2004. Shi ba shi da kuɗin sayen inji, sai ya yi murhu da bokiti da yumɓu, ya hura gawayi, ya narka tsofaffin sassan mota na alminiyam, ya zuba cikin gurbin da ya yi da yashi, ya goge da hannu, ya harhaɗa injin sassaƙar ƙarfe. Tun injin bai kammala ba ya riƙa amfani da shi wajen sassaƙa ragowar sassansa. Daga baya ya rubuta littattafai bakwai yana bayanin yadda mutum zai kafa wa kansa ma'aikata daga tarkacen bola.

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka ta Kaduna, ko ya tsaya wurin masu zuba tukunyar dalma a kowane gari namu, ya san wannan narki da zubi cikin yashi ba baƙonmu ba ne. Maƙeran tagulla na Bida sun gaji aikinsu kaka da kakanni. Yaranmu kuwa, wane ne cikinmu bai yi motar kara ba, da sille da tayoyin sakaina? A 2007 duniya ta sha labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gida da injin tsohuwar mota Honda Civic, har ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. Ashe hannu da basira muna da su. Abin da muka rasa shi ne ma'auni da alƙalami. Maƙerinmu da ido yake awo, shi ya sa in ya yi abu biyu da wuya sashen wannan ya shiga jikin wancan. Ba ya zana abin da ya yi, ba ya rubuta inda ya yi kuskure, sau da yawa ma ɓoye dabararsa yake yi don kada maƙwabci ya gani. In ya kwanta dama sai a binne shi da iliminsa, na baya ya sake farawa daga tushe. Mai basira a cikinmu shi kaɗai yake fitowa, a yi masa tafi kwana biyu, a ɗauki hoto da shi, a watse.

Makaranta ce ya kamata ta cike wannan giɓi. Da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin share fagen fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka kuma yi odar kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai. Ni kaina, shekaru da dama bayan haka, na yi karatu a wata makaranta inda akwatunan nan suke jibge cikin wani ɗaki a kulle. Muna leƙensu ta taga, gara ta cinye katakon, tsatsa ta kama abin da ke ciki. A allo aka zana mana zarto, muka kwafa a littafi, muka ci jarrabawa, ba wanda ya taɓa yanka ko da ƙusa. Na fita da sakamako mai kyau, amma har yau in famfon gidana ya lalace sai na kira wani.

Saboda haka ga 'yar shawarata, ba kuwa gwamnati nake jira da ita ba. Muna da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, da na masaƙu, da makanikai da suka ajiye aiki, suna zaune a ƙofar gida da ilmi cikin kansu ba mai tambaya. Me zai hana a kowace unguwa a sami rumfa guda, ko a harabar makaranta ko a garejin wani mai hali, inda irin waɗannan dattawa za su zauna da yara ran Asabar? Ba sai an fara da inji ba. Zarto da magagari da ma'auni sun isa shekarar farko. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kowane yaro ya riƙe littafi, ya zana abin da zai yi kafin ya yanka, ya rubuta awonsa, in ya ɓata ya rubuta dalili, ranar haɗuwa kuma ya tashi ya faɗa wa 'yan'uwansa ba tare da an yi masa dariya ba. Masu hali da ke raba kofi a gasar ƙwallo, don Allah su ware ɗan wani abu su sa gasar ƙere-ƙere, a kuma ba da lada ga wanda aikinsa ya fi daidaito, ba wanda fentinsa ya fi ƙyalli ba.

Iyaye kuma ina roƙonsu su sassauta. Tsoron da ke zuciyar Yaya tsoro ne na kowane uba, kada ɗansa ya tashi ba takarda ba sana'a, ban kuwa ga laifinsa a kan wannan ba. Abin da bai lura da shi ba shi ne yaron da ya gane cewa ruwan da aka matsa a wannan sirinji zai ɗaga kaya a wancan, ya riga ya kama bakin zaren darasin da ake koyarwa a babbar sakandare. Lissafin da ya faɗi a takarda yana nan kwance cikin tifar da aka take, ba a dai nuna masa cewa abu ɗaya ba ne.

Shekaranjiya na koma gidan da 'yar tsaraba, ma'aunin ƙarfe mai inci da santimita, da littafi mai gida-gida, da fensir. Na sami Yaya shi kaɗai bayan an ci abinci, muka yi magana ta fahimta. Ya yarda yaron ya sake ƙera tifarsa, amma bisa sharaɗin ba zai yanka ko da gwangwani ɗaya ba sai ya zana shi ya rubuta tsawo da faɗi, kuma kowane dare zai kawo littafin mahaifinsa ya gani. Jiya an aiko mini da shafin farko. An rubuta cewa yau an auna taya huɗu, uku sun zo daidai, ɗaya ta fi sauran da rabin santimita, gobe za a rage ta.

Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar sufuri.